Sayen kayan wankan kogi ba tare da ka bar wa ruwa shara ba

Ni tela ne. Shagona na bakin hanya a wani ƙauye da ke kusa da Wudil, kuma daga ƙofar shagon zuwa bakin kogi tafiyar ƙafa ce da ba ta kai rabin awa ba. Mahaifina masunci ne, a kan gora ya koya mini ruwa tun ban yi wayo ba. Duk bazara, idan ruwa ya ja da baya ya bar farin yashi shimfiɗe, nakan tattara yaran gidanmu ranar Asabar da la'asar mu gangara. Shi ne namu bakin tekun.

Da hutun ƙaramar Sallah 'yar wana da ke karatu a birni ta zo, ta ce ita ma za ta bi mu. Daren da za a tafi kasuwa ta shigo shago ta miƙo mini waya.

"Baffa, ka ga irin wadda nake so. An ce da tsohuwar komar kamun kifi aka yi ta, ba ta ɓata muhalli."

Na karɓa na duba. Rigar iyo ce mai kyau, amma da muka juya kuɗin daga dala zuwa naira sai na ga ya isa sayen tunkiya, ban da kuɗin kawowa. Na ce mata, "Kifi na ganinki, mai jar koma. Ki bari gobe Juma'a, mu shiga kasuwa ki ga yadda ake yi."

Maganar da ta karanta ba ƙarya ba ce. Akwai wani zare da ake kira Econyl, kamfanin Aquafil na ƙasar Italiya ne ya fara fitar da shi a 2011, yana narkar da tsofaffin koma da tsofaffin kafet ya mayar da su sabon nailan. Akwai kuma Repreve na Amurka, wanda ake yi da gorunan roba da aka sha aka yar. Wanda yake da hali kuma ya tabbatar da abin da yake saya, ban hana shi ba. Sai dai ya duba 'yar takardar da aka ɗinke a cikin rigar, ya ga an rubuta sunan zaren da yawansa, ko alamar GRS, wadda ke nuna cewa wasu na waje sun bincika kayan. Koren ganye da aka zana a jikin leda ba shaida ba ne, kowa ma zai iya bugawa. Kuma ko ta gaskiyar ce, har yanzu roba ce. Duk wanki sai ta zubar da wasu ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani, ba sa ruɓewa, kifi na haɗiye su. Ga shi ana haɗa ta da wani zaren mai talewa, wanda za ka ga an rubuta elastane ko Lycra, kuma wannan haɗin ne ke sa idan ta mutu a sha wuyar sake narkar da ita.

To sai mutum ya ce a koma wa auduga mana, tunda ita tana ruɓewa. A nan ne nake rabuwa da masu wannan ra'ayi. Auduga ta gaɓa ce. Ka sa ta ka zauna a kan tabarma, ka goge jiki da ita, amma kada ka shiga ruwan da ya wuce ƙugu da ita. Tana shan ruwa ta yi nauyi, ta manne a jiki, ga daɗewa ba ta bushe ba. Na taɓa tsamo ɗan maƙwabcina da ya faɗa ruwa da jallabiya. Ruwan bai ma kai masa wuya ba, amma rigar ta kumbura ta tashi ta rufe masa fuska, ya ruɗe ya fara sha. Zani ya fi haka muni, domin ko ya kwance ko ya naɗe ƙafa. Mai shiga ruwa yadin roba yake buƙata, mara nauyi, mai bin jiki. Abin da ya rage shi ne a ina za ka samo shi ba tare da ka sa an ƙera sabo saboda kai ba.

Amsar tana wajen 'yan gwanjo. Rigar da wani ya riga ya sa ya gaji da ita, an gama kashe mai da ruwa da rini a kanta tun tuni, kai sai dai ka ƙara mata kwana. Idan zan sayi da yawa nakan shiga Kano in je Ƙofar Wambai, da sassafe, ranar da aka fasa dila. Idan na yara biyu ko uku ne, masu baza kaya a ƙasa ranar kasuwar Wudil sun wadatar. Abin da nake nema shi ne jesin 'yan ƙwallo, gajeren wandon da ya sauka gwiwa, da matsattsen dogon wando irin na masu motsa jiki. Wani lokaci a cikin tulin za ka ci karo da ainihin rigar iyo mai dogon hannu, mai kayan ma bai san ta mece ce ba.

Ranar nan na tsuguna gaban tulin, ita tana tsaye tana kallona. Na ɗauki wani baƙin wando na kai shi kusa da kunne na ja ƙugun a hankali. Sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Na ajiye. Wannan ƙarar robar ciki ce ta mutu, yana shiga ruwa zai saki. Mai rai shiru yake yi, kana sakinsa ya koma yadda yake. Na ɗauki na biyu na ɗaga shi saitin rana na tale wajen mazauni da gwiwa, domin nan ne yadi ke fara cinyewa. Idan haske na ratsowa fili-fili, ko ka ga wasu fararen zaruruwa sun leƙo kamar furfura, kwanansa ya ƙare. Sannan na murza shi da tafin hannu in ga ko zai bar gashi. Duk yadi mai gashi-gashi irin na rigar sanyi ka bar shi, shi ya fi kowanne zubar da zare. Ka nemi mai santsi, mai matsattsiyar saƙa. Ka guji mai ƙyalƙyali, mai duwatsu, da jesin da lambarta ta fara ɓanɓarewa, don duk a ruwa za su ƙare.

Mai kayan ya ce, "Malam tela, kai dai ba ka sayen abu sai ka yi masa tambayar kabari."

Na ce, "Alhaji, araha ba ta ado, amma ai tana wanka."

Idan takardar cikin riga ta goge ba ka san ko mene ne yadin ba, ga dabarar da kowane tela ya sani. Zaro zare ɗaya daga cikin ɗinki ka kusanta shi da ashana. Auduga za ta kama da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba za ta tsuke ta narke, ta bar ɗan dunƙule mai tauri. Ka nemi izinin mai kaya tukuna, kuma ka matsa nesa da tulin.

Launi ma ba na ado ba ne. Ruwanmu ruwan ƙasa ne, ba ka ganin tafin hannunka idan ka nutsa shi. Yaro mai shuɗi ko toka-toka ko baƙi ɓacewa yake yi a ido. Ni ruwan lemo nake saya musu, ko rawaya mai kashe ido, ko ja. Daga kan tabarma nakan ƙirga su da launi.

Rigar 'ya mace ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kai. Rigar da 'yar wana ta nuna mini irin wadda ake kira burkini ce, wata mata 'yar asalin Labanan mazauniyar Ostireliya, Aheda Zanetti, ta ƙirƙiro ta a 2004 domin mata Musulmi su yi iyo a suturce. Babu wani sirri a cikinta da telan ƙauye zai kasa. Na sayi manyan jesi guda biyu masu launi ɗaya, na farke ɗaya na ƙara wa ɗayar tsawo har gwiwa, na yi mata dogon hannu da ragowar. Na haɗa da dogon wando. Abin da kada a manta shi ne a sa maɓalli ko 'yar igiya ta ciki a gefe biyu, wadda za ta riƙe rigar da ƙugun wandon, in ba haka ba ana shiga ruwa za ta tashi sama. Kai kuma hula mai kama kai da wuya, wadda ta tsaya a kafaɗa. Dogon hijabi a bar shi a gaɓa, a sa idan an fito. Ka ce wa telanka ya yi ɗinkin da zigizag da zaren roba, domin miƙaƙƙen ɗinki tsinkewa yake yi a yadi mai talewa. Guntayen da suka rage kuma kada ya share su waje iska ta ɗauka. Ni matashi nake cusawa da su.

Daga nan muka wuce layin masu tabarma. A nan kam babu gardama, ta kaba ta fi ta roba. Tabarmar roba tana da kyan gani ranar da aka saye ta, amma rana na gasa ta sai ta fara karyewa, ka tashi ka bar ɓarɓashi ja da kore a cikin yashi, wanda babu mai iya tsincewa. Ga zafi, da azahar ba ta zaunuwa. Ta kaba idan ta tsufa a yi shingen kaji da ita, ko a hura wuta, ko ta ruɓe a bola ta tafi gona.

Wani dattijo ne nake saya a wajensa shekara da shekaru. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ta bakin kogi nake so, ba ta ɗakin amarya ba." Ya yi dariya ya zaro wata mara rini daga ƙasan tulin. Na fara shinshina ta. Sabuwar kaba da ta bushe da kyau ƙamshin ciyawa take yi, wadda aka naɗe da danshi kuwa warin fumfuna za ka ji, kuma za ka ga ɗigo-ɗigon baƙi. Na warware ta na ɗaga, na duba ko rana na shigowa ta tsakanin saƙar. Na bi layin da aka haɗa faifan da yatsa, domin nan take fara rabuwa. Na lanƙwasa kusurwa: mai kyau lanƙwasuwa take yi, wadda ta daɗe a ajiye sai ka ji ta yi ƙaras. Na ƙarshe shi ne baki, idan ba a naɗe shi an ɗinke da kyau ba, wata guda ya isa ta fara warwarewa. Mai rini tana zuba idan jiƙaƙƙen yaro ya zauna a kai, shi ya sa nake ɗaukar farar. Kuma ita kaba ba ta son a naɗe ta a jiƙe. Ka kakkaɓe, ka shanya, ka jingine ta inda gara ba za ta kai ba.

Wani abu da dattijon ya taɓa gaya mini ya zauna mini a rai. Kaba ai ƙuruciyar goruba ce. Inda ake yankan ta kullum ba hutu, haka za ta zauna a ƙasa ba za ta taɓa zama bishiya ba. Saboda haka ita ma ba a saye a wulaƙanta don an ce tana ruɓewa. Tawa ta baya shekara huɗu ta yi.

A wajensa ko maƙwabcinsa za ka sami malfa da kwando. Malfa ka zaɓi mai faɗin baki, mai igiyar haɓa, don iskar bakin kogi ba ta da kunya. Inuwa kuwa ba ma sayen laima. Sanduna huɗu da tsohon zanin uwargida sun gama magana.

Takalmi a taƙaice: silifas ɓarawon kansa ne, ruwa na taɓa shi ya tafi. Duk wanda ya bi gaɓa bayan damina ya ga wari-wari a maƙale cikin ciyawa. Sayi takalmin taya mai maɗauri a dunduniya. Tsohuwar taya ce aka yanka, ba ya mutuwa, kuma yana tare fasasshiyar kwalba da ƙugiya.

Sharar da ta fi yawa a bakin koginmu ba tufafi ba ce, ledar fiya wata ce da baƙar leda. Maƙwabcin shagona mahauci ne. Wata rana ya kira ni ya nuna mini abin da ya ciro daga tumbin wata saniya: curin leda ne ya murɗe kamar igiya, ya kai girman kan yaro. Saniyar ta rame, mai ita yana ta ba ta magani bai san dalili ba. A wannan yashin da muke zama dabbobi ke saukowa shan ruwa. Saboda haka mu jarka ɗaya muke cikowa da ruwan famfo, mu naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara ta yi sanyi, da kofin silba guda biyu. Abinci a kula ko kwano mai murfi, ɗanwake ko dambu. Sauran kuwa rake, mangwaro, kankana, gyaɗa, abin da ɓawonsa abincin akuya ne. Idan za ka sayi kifi wajen masunta, miƙa kwanonka tun kafin a zaro leda.

Soso ka sayi na gargajiya, wanda ke yaɗo a jikin danga, ka bar na raga. Sabulun salo ya fi sauƙi a kan ruwa, amma ko shi ba a cuɗa da shi a cikin kogi. Ɗebi a bokiti ka hau tudu, ƙasa ta shanye kumfar. Shi kuwa man kare fata daga rana, da yawa daga cikinmu riga da malfa da inuwa muke dogara da su. Za ka ji ana cewa wasu irinsa na cutar da ruwa, kuma gaskiya ne cewa jihar Hawai ta Amurka ta hana sayar da masu ɗauke da sinadaran oxybenzone da octinoxate daga farkon 2021, saboda murjanin teku. Amma idan kana da zabiya a gida, ko mai fatar da rana ke ƙonawa, kada wannan ya hana ka saya masa. Nemi wanda aka rubuta zinc oxide a jikinsa, wanda lambar ƙarfin kariyarsa, wato SPF, ta kai 30 ko sama. Man kaɗanya yana gyara fata, amma ba ya tare rana yadda za a dogara da shi.

Yanzu ga inda nake so kuɗin da ka rage su tafi. Yara za su matsa maka ka saya musu abin hurawa mai siffar agwagwa ko zobe. Kada ka saya. Ƙaya ɗaya ta isa ta huda shi, ya zama shara tun kafin magariba, kuma kafin nan yana iya jan yaro zuwa tsakiya. Jarka da tub ɗin mota su ma suɓucewa suke yi. Gora na fi ƙauna, ita na sani tun ina yaro, ka ƙwanƙwasa ka ji ta yi amo babu tsaga, ka ga bayanta ya yi kauri. Amma gora ta wanda ya iya ruwa ce. Tana juyawa, kuma ba ta riƙe wanda ya sake ta.

Wanda bai iya ba, da duk wanda zai hau kwale-kwale, rigar kariya ta ruwa yake buƙata. Soso ce da roba, ba ta ruɓewa, babu wani abin muhalli a jikinta, kuma ita ce abu ɗaya da nake cewa a saya sabo fil. Mutanen Kano ba su manta da ƙarshen Nuwamban 2021 ba, lokacin da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aka rasa rayuka aƙalla 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Idan za ka saya, tafi da yaron. A jikin rigar ana rubuta nauyin wanda ta dace da shi da kilo, kada ka sayi babba wai don ya girma a ciki. Sa masa, ɗaure duk maɗauran, sannan ka kama kafaɗun rigar ka ɗaga. Idan ta haura ta rufe masa kunne, ta yi yawa. Ta ƙananan yara ta kasance da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Matsa soson ka ga ya dawo, ja kowane maɗauri da ƙarfi. Kada a mayar da ita matashin zama, yana kashe soson. Guda biyu gare ni, yara na karɓa-karɓa, wanda babu a jikinsa iyakarsa gwiwa.

Akwai abu biyu da babu rigar da ke karewa daga gare su. Na farko ramukan masu haƙar yashi. Kana tafiya ruwa iya ƙauri, taku ɗaya sai ka ji babu ƙasa. Kuma ruwan nan namu daga dam ɗin Tiga da na Challawa yake zuwa, idan aka saki ruwa a can, wurin da ka sani jiya ba shi ne na yau ba. Kullum sai na fara gaisawa da masunta na tambaye su inda za mu sauka. Na biyu tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zama a ruwa mai kwanciya da ciyawa, irin na kududdufi da hanyoyin ruwan noman rani, ta ratsa fata. Wuri mai gudu da tsabtataccen yashi ya fi dama-dama, amma ba tabbas ba ne. Ka hana yara fitsari a ruwa, domin ta nan ƙwan ke komawa. Wanda ka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, kai shi asibiti. Akwai ƙwaya mai suna praziquantel, ita ake rabawa a makarantu. Kada a ce alamar balaga ce kamar yadda aka gaya mana muna yara.

Idan an dawo gida, a ɗauraye kayan a bokiti da ruwan sanyi, ba sai an zuba omo kowane zuwa ba, ba a kuma dirza su a kan dutse. A matse a hankali a shanya a inuwa, rana ce ke kashe robar. Ruwan ɗaurayar a zuba shi a gindin katanga, kada a bi da shi kwatar da ke gangarawa rafi. Abin da ya shiga kogi a wajenmu zai bi ta Ringim da Haɗeja, ya ratsa fadamun da tsuntsayen Baturiya ke sauka, ya wuce Gashuwa yana neman Tafkin Chadi, kuma mutanen can ma kifin suke ci.

Ranar Asabar ɗin 'yar wana ta shiga ruwa da rigarta mai ruwan lemo, tare da ƙannenta mata da uwargida, a can sama da inda maza suke. Da za mu taso na sa aka ƙirga kaya kamar kullum: tabarma biyu, jarka, kofi biyu, kula, rigar kariya biyu, takalma ƙafa goma sha huɗu. Kofi ɗaya ya ɓace, sai da autanmu ya tono shi daga cikin yashi inda ya gina rijiya. Da hutu ya ƙare ta tafi makaranta da rigar. Bayan sati biyu ta bugo waya.

"Baffa, ƙawayena biyu na so. Amma ɗaya ta ce shuɗiya."

Na ce ta gaya mata rawaya ce ta rage.